Igiya a Hannun 'Yar Fari

Mu biyar ne a barandar gidan nan na unguwar Kalpohin ranar Asabar ɗin. Akwai ni. Akwai ƙanwata da ke zaune a unguwar Kaladan cikin gari, ita ta san hanya, ita ce kuma bakina in magana ta fi ƙarfina. Akwai 'yata ta fari, cikinta ya tsufa har ba ta iya sunkuyawa. Akwai mijinta, malamin makaranta, wanda tun da ya durƙusa ya gaishe ni ya koma bakin ƙofa yana goge babur ɗin da ba shi da datti, don kada ya zauna inuwa ɗaya da surukarsa. Sai mai gidan, wata mata 'yar kudu, Kirista, gashinta gajere ya yi furfura, tabarau rataye a wuyanta. Kowa Madam yake ce mata. 'Yata kaɗai ke ce mata Maa.

Abu ɗaya ya kai ni. A wurinmu, mace in za ta yi haihuwar fari gidan uwarta take komawa. Uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke tsoma ganye ta watsa mata, ita ke dama kunun kanwa har a yi arba'in. Tun farkon rani nake tara itace a bayan ɗakina, can gaba da Kasalgu inda shanunmu suke kwana. Na jira yarinyar ta zo da jakarta, ba ta zo ba. Sai ƙanwata ta kawo mini labari cewa Madam ta share wa yarinyar ɗaki a gidanta, wai katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu, wai asibiti kusa ne, wai ita za ta kula da mai jego.

Ban aika an kira yarinyar ba. Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana. 'Yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba, ban taɓa cewa ta yi kyau ba ko da ta yi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka uwarta ta yi mata. In ina son ta, “ke” nake cewa. Da ta isa shiga makaranta ƙanwata ta ɗauke ta zuwa Kaladan. Ni nawa shi ne in tatsi nono, in dafa cukun da muke ce wa wagashi, in ɗora ƙwarya a ka in shigo gari, abin da ya samu in ajiye a hannun ƙanwata ba tare da na ce na waye ba. Yarinya mai hankali ta san abin da shirun uwa yake nufi. Haka na ɗauka.

Madam kuwa a kamfanin wuta suka haɗu. Ita ta karɓi yarinyar ranar da ta fara aiki, ita ta koya mata. Madam ta yi ritaya, amma har yanzu in wani tsohon abu ya lalace a tashar wuta, wanda samarin yanzu ba su san kansa ba, gidanta ake kawowa. 'Yata kuma kowace Asabar tana can.

Mun tarar da su a kan aiki. Madam ta tashi ta tarbe ni da hannu biyu.

“Hajiya, sannu da zuwa. Ka zo lafiya? Yaya shanu?”

Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Na ce mata ban je Makka ba tukuna. Ta ce ai zan je. Ta ba ni kujera mai taushi, na ce tabarma ta ishe ni. Yarinyar ta rusuna iyakar yadda cikin ya bar ta, ta ce, “Inna, ina wuni.” Na ce lafiya, ina kallon bishiyar mangwaron da ke tsakar gidan.

Ni ban yi boko ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Na zauna na kalli teburin. An shimfiɗa masa wata roba shuɗiya. A kai akwai kwamfuta a buɗe, da wata na'ura ruwan ɗorawa mai abin murɗawa, da wani ƙaramin akwati baƙi, da wata leda mai ƙyalli kamar cikin gwangwanin madara. Madam ta buɗe aljihun tebur ta fito da wata igiya mai lanƙwasa. Ta kira sunan 'yata. Haka kawai ta kira shi, kamar mai kiran kaza ta zo ta ci tsaba. Yarinyar ta miƙa hannu ba ta ko duba ba, Madam ta kama wuyan hannun ta ɗaura mata, ta ja ta ga ya kama fata.

Na bi igiyar da ido. Ta sauka daga teburin, ta bi gefen baranda, ta ƙare a jikin wani jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

Igiya a hannun mai ciki, ƙarshenta a binne. Ni na girma a inda in ana son mutum kada ya bar wuri, abin da ake yi ke nan, a ɗaura a binne. Kafi muke ce masa. Na ce a raina, to ga dalilin da itacena yake bushewa a banza.

Na taɓa ƙanwata da gwiwar hannu. “Tambaye ta me ta ɗaura mata.”

“Yaya, ga ki ga ta. Bakinki ciwo yake?”

“Tambaye ta na ce.”

Madam ta ji. Ta sa tabarau ta dube ni, ta dubi igiyar, ta dubi ƙarfen, sai na ga ta gane abin da nake zato. Ba ta yi dariya ba, wannan na yaba mata.

“Hajiya, wannan ba magani ba. Jikin mutum yana da wuta kaɗan-kaɗan. Ka taɓa cire mayafi da rani ka ji ya yi tas-tas? Shi ne. Kai ba ka ji komai, amma in ya shiga kati, kati ya mutu. Igiya ya kai wutan ƙasa, shi ke nan.”

Ta buɗe ledar nan mai ƙyalli ta zaro katin. Kore ne, faɗinsa bai kai faifai ba, an jera masa wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe masu ƙafafu kamar kaska a kunnen saniya. Na miƙa hannu in ga abin da ake yi wa wannan gata.

“Inna, kar ki taɓa.”

Yarinyar ce. Ta riƙe mini hannu a sama. A gaban ƙanwata, a gaban bare, mijinta yana jin mu daga bakin ƙofa. Rabon da fatarta ta taɓa tawa na manta, kuma da ta taɓa, don ta hana ni ne. Ta saki da sauri ta sunkuyar da kai.

Ashe Madam ma da tata igiyar a hannu. Ta kwance ta, ta zo ta durƙusa gabana, tsohuwa da ita, ta ɗaura mini. Hannunta sanyi.

“Yanzu ka taɓa. Riƙe ta gefe.”

Na riƙe. Bai kai nauyin yankan wagashi ɗaya ba. Na juya shi na ga bayansa, duk zane-zane ne siraran gaske kamar hanyar tururuwa. Na ce a raina, ashe kai ne. Na mayar mata. Ba ta kwance mini igiyar ba, ni kuma ban ce ta kwance ba.

Ƙanwata ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta ce a gaya mata aikin me wannan ɗan abin yake yi da har ake biyan mutum albashi a kansa. Madam ta nuna yarinyar da haɓa, wai ita ta faɗa. Sai na ji 'yata tana magana da wata murya da ban san tana da ita ba, a sake, ba rawa.

Ta ce manyan wayoyin da ke shiga tashar wuta suna ɗauke da abin da zai ƙona bijimi kafin ya faɗi ƙasa, ba mai iya sa hannu ya auna. Don haka ake sa irin wannan baƙin akwatin, shi ke karɓar labarin babbar wutar ya mayar da shi 'yar siririyar wuta, in babbar ta ƙaru ita ma ta ƙaru, in ta ragu ta ragu. Siririyar ce ke shiga katin. Katin kuma ya mayar da ita lamba, lambar ta tafi wani ɗaki mai nisa inda wasu mutane ke zaune suna kallon wutar gari. Su ba sa ganin waya, ba sa jin zafin ƙarfe, lambar kawai suke gani. In kati ya yi ƙarya, sai su yanke wa unguwa wuta ba laifin komai, ko su bar kaya ya yi wa injin yawa har ya ƙone. Wannan katin ƙofa takwas gare shi, ta uku ce ke ƙarya.

“Kamar mai kai gulma ke nan,” in ji ƙanwata. “Ya ji a nan ya kai can.”

“Gulma mai gaskiya, Iya.”

Suka koma aiki. Madam ta maƙala wayoyin na'urar nan ruwan ɗorawa a ƙofar farko, ta murɗa. Ita tana faɗin abin da ta zuba, yarinyar tana faɗin abin da kwamfuta ta nuna.

“Huɗu.”

“Babu.”

“Sha biyu.”

“Rabi.”

“Ashirin.”

“Cike.”

Haka suka yi a ƙofa ta biyu, ba mai kallon wata, kamar mata biyu a turmi ɗaya da suka san saukar taɓaryar juna. A ta uku Madam ta ce sha biyu, yarinyar ta ce ya wuce rabi. Nan gardama ta tashi. Madam ta ce wata 'yar ƙwaya ce mai zane a jikin katin ta gaji. Yarinyar ta ce a'a, bakin ƙofar ne ya yi tsatsa. Madam ta kai hannu, yarinyar ta buge hannun.

“Maa, bari mana. Idonki ya tsufa.”

“Ido na ya tsufa? Wa ya koya maka riƙe sukundireba? Ranar farko ka riƙe shi kamar muciya.”

Suka yi dariya tare. Ni kuma ina zaune a tabarma da igiya a hannu. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba, ba ta taɓa yi mini musu ba, kuma da ina alfahari da haka a cikin mata. Ranar nan na ga inda take kai musunta da dariyarta. Ladabin ne rabona.

Suka kankare tsatsar, ƙaryar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ashe kowacce da gaskiyarta. Da za a canza ƙwayar, Madam ta kunna wani ƙarfe mai zafi na narkar da dalma, ta ce wa yarinyar ta matsa can, hayaƙin ba shi da kyau ga mai ciki. Ta tura mata kujera da ƙafa, ta ce ta ɗora ƙafafunta a kan bokiti, sun kumbura. Ni ma na ga kumburin tun shigowata. Na gani kafin ita. Ita ta faɗa.

Can yarinyar ta ɗan yamutsa fuska ta dafe gefen cikinta. Madam ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Ya fara ƙwallo? Kullum in an kusa la'asar, gefen dama.” Ta miƙa hannun da ba ya riƙe da ƙarfen ta shafa wurin. Jikana ne a ciki, kuma wata ce ta san lokacin motsinsa.

Da suka sake gwaji, ƙanwata ta tsoma baki.

“Tsaya. Tun ɗazu nake ji. Ita ta ce huɗu, ke ki ce babu. Huɗu ne babu? A kasuwa in na zuba miki mudu huɗu kika ce babu, ai sai an raba mu.”

“Da gangan aka yi shi haka, Iya,” in ji yarinyar. “Ko babu abin faɗa, akwatin ba ya yin shiru. Yana aiko ɗan kaɗan, don waɗanda ke can su san yana raye. In da babu shiru ne, yaya za su bambanta lafiya lau da waya ta tsinke?”

Ta zare waya ɗaya. Wani wuri a fuskar kwamfutar ya koma ja.

“Kin gani. In shiru ya zo gaba ɗaya, an san an rabu ke nan.”

Teburin take kallo da ta faɗi haka. Ban san ko da ni take ba, kuma har yau ban tambaye ta ba. Abin da na ce a raina shi ne, akwati bai san kunya ba, ba shi da 'yar fari.

Ƙofa ta uku ta faɗi gaskiya. Suka mayar da katin cikin ledarsa. Sai Madam, da murnarta, ta shiga ciki ta fara fito da kaya tana nuna mini. Bahon roba na jariri. Tawul masu laushi. Wata babbar buta mai waya, wai a cikinta za a riƙa dafa ruwan wankan mai jego.

Na dubi butar. Ruwanta ba zai ishi alwalar mutum biyu ba.

“Ruwan jego a buta,” na ce wa ƙanwata.

“Za a dafa sau da yawa,” in ji Madam. “Hajiya, ni na tambaye shi. Na ce uwanka zai zo ya ɗauke ka? Ya ce uwa bai ce komai ba. Na ce to ba za ka haihu a titi ba.”

“Ba ta ce komai ba?” Ƙanwata ta tafa hannu. “Matar da ta tara itace har ya kai rufin ɗaki? Akuya ta hau kai ta kasa saukowa.”

Yarinyar ta ɗago. Karo na farko ranar nan ta dube ni ido cikin ido.

“Itace, Inna? Tun yaushe?”

Na harari ƙanwata. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba ni na ba ta izinin kwance mini zane a gidan mutane ba.

“Itace ai kowa yana tarawa,” na ce.

Yarinyar ta murza igiyar hannunta. Sannan ta ce, da ƙanwata take magana amma ni ake nufi, likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti saboda kumburin nan, kuma haihuwar za ta faɗo cikin ruwan farko, hanyarmu kuwa in an yi ruwa ko babur ba ya shiga. Ta ce da ta so ta zo ta faɗa, sai ta ga ba a tambaye ta ba. Mijin daga bakin ƙofa ya ce gidan hayarsu duk siminti ne, mai gidan ya hana hura wutar itace. Ya faɗa wa babur ɗinsa, ba mu ba.

To, ba za ta zo gidana ba. Wannan ya tabbata. Na dubi bahon, na dubi tawul, na dubi matar nan da ta san sunan 'yata a baki kamar gishiri. Na bar ƙanwata a gefe na yi mata magana da kaina.

“Madam. Katin naki ne. Ki ɗaura mata igiya duk Asabar ɗin da Allah ya kawo, ban hana ba. Wanka nawa ne.”

Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta. Ta daɗe tana ninke tawul ɗin da yake a ninke.

“Ni maza na haifa,” ta ce. “Duk suna kudu. Matansu, uwayensu ya yi musu.”

Na ji tausayinta, amma tausayin bai kai in bar mata tukunya ba.

“Kuma wutan itace,” ta ce, “hayaƙi da toka. In ya shiga kayan aiki na fa?”

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta kira sunan yarinyar ta ce ta kashe kwamfuta. Ina jin da gayya ta kira shi wannan karon.

La'asar ta yi, na ce wa ƙanwata mu tafi kada shanu su dawo ba na nan. Na miƙe na yi taku biyu, sai wani abu ya fizgo ni baya. Igiyar ce. Na manta tana hannuna.

Ƙanwata ta riƙe ciki. “Yaya, ashe ke aka kafe.”

Har mijin na ji ya yi tari a bakin ƙofa. Madam ta taso za ta kwance mini, yarinyar ta riga ta. Ta kama hannuna ta ɓalle abin a hankali, ta ɗan shafa inda ya yi mini sawu. Na janye hannuna na gyara mayafi. A cikin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, har muka rabu ban yi wa ƙanwata magana ba.

Washegari Lahadi. Na yi sallah, na tatsi shanu, na kai nonon wa matar maƙwabcina na ce ta riƙa yin wagashin har sai ta gan ni. Na tsayar da mai motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a bakin hanya. Muka loda itacen iyakar abin da ya ɗauka, da babbar tukunyar da uwata ta dafa mini ruwa a ciki, da duwatsun murhu, da kanwa, da gero, da tabarmata. Na hau kan itacen na zauna.

Mun isa Kalpohin Madam tana coci. Ƙofar tsakar gidan a saye take kawai, na tura. Na sa aka sauke kayan a gindin mangwaro. Kafin in kafa murhu na ɗebi busasshiyar ƙasa na sake ta a iska in ga inda take kaɗawa, sannan na ja duwatsun can ƙuryar da hayaƙi zai bi ta bayan gida, ba ta baranda ba. Ba don Madam na yi ba. Katin da yarinyar ta wuni a kansa ne ba na so ya sake yin ƙarya. Na ɗora tukunyar, na jera itacen a jikin katanga, tsayinsa ya kai tagar ɗakin da aka share. Na shimfiɗa tabarma ina fuskantar ƙofa, don in mai gidan ta dawo ta same ni a zaune.

Ta bayan katanga, a gidan hayarsu, na ji an buɗe ƙofa, na ji takun yarinyar mai nauyi, ya zo ya tsaya daidai inda itacen yake. Ba ta yi magana ba. Na yi gyaran murya, ɗan kaɗan, yadda za ta ji.